Kwana Goma Sha Tara Ba a Binne Dauda Ba

"Bi wancan Keke Napep ɗin, kada ka matsa kusa," Hanatu ta ce wa ɗan kabu-kabu, tana jan mayafi ta rufe rabin fuska.

Marta take bi, maƙwabciyarta a Damba, 'yar Kagoro mai sayar da manja. Mijinta Dauda ya rasu yau kwana goma sha tara, kuma har yanzu ba a sa shi a ƙasa ba. Kwana goma sha tara, jama'a! Kullum da hantsi sai ta fita da baƙar leda, ta dawo ido jawur. Hanatu ta faɗa wa matan layi cewa ruwa ba ya tsami banza a wannan lamari, matan suka ƙara gishiri, magana ta kai kunnen yayanta Alhaji Mamman, mai gidan da Marta ke haya. Ya ce ta gano masa gaskiya, in da tsafi a ciki yau zai ba matar notis.

Keken ya tsaya a bayan asibiti, ƙofar mutuware. Hanatu ta sauka daga babur. Ta laɓe jikin bishiyar dogon yaro, ta ga Marta ta miƙa wa ma'aikaci ledar. Da ya buɗe, sai ga farar riga a goge, da mataji, na gyara gawar Dauda.

"Maman Bashar, fito mana, rana ta yi zafi," Marta ta ce ba tare da ta juyo ba.

Kunya ta kama Hanatu, sai ta mai da ita faɗa. "To na fito! Maman Nasara, ki ji tsoron Allah. Wace irin mace ce ke ajiye mijinta cikin ƙanƙara kamar kifi? Mi kike jira?"

"Uwarsa nake jira. Tana kwance a Kafanchan, an yi mata aiki. A wajenmu ba a rufe ɗa uwarsa ba ta ga fuskarsa ba. In na yi haka, danginsa za su ce ni na kashe shi."

"Kashewa kuma? Don an yi wa mamaci sutura da wuri?"

Marta ta juyo ta kalle ta. "Kin tuna rasuwar Malam Zakari, mijinki? Da safe na gaishe shi yana alwala. Na je kasuwar Bungudu na dawo da la'asar, aka ce har an dawo daga maƙabarta. Ba likita, ba jiran 'yarsa ta Tsafe. Na ce a raina, wannan gaggawar akwai abin da ake ɓoyewa. Wata uku ina jin tsoronki."

"Ni? Ni Hanatu?" Ranar nan ita ta matsa a hanzarta, don kada bawan Allah ya jira, kuma a ganinta gata ne ta yi masa na ƙarshe. Ranta ya ɓaci ƙwarai. "Wa da wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa. Na ce wataƙila ni ce ban san yadda kuke yi ba."

Wayar Hanatu ta yi ƙara. Alhaji Mamman ne. Ta ɗauka.

"Yaya, ka bar ta a gidanta."

"To mutanen layi fa? Kowa ya ce tsafi ne."

"Kowan nan ni ce," ta ce.