Farabiti Mati Ya Shiga Gaba

Ni dai tun ranar da aka turo ni aiki asibitin 'yan mazan jiya na gane cewa soja ba ya ritaya, kaki kawai yake cirewa. Sai ka ga tsoho babu haƙori ko ɗaya a bakinsa, yana dogara sanda, amma da ya hango wanda ya taɓa zama ogansa sai ya yar da sandar ya ƙame.

Asibitin yana tsakanin Bici da Tsanyawa, a tsakiyar gonaki, gabas gero, yamma dawa. Kada ka tambaye ni abin da ya kawo injin siti sikan nan wurin. Wani tsohon janar ne ɗan yankin ya ga dama, aka kafa shi a bayan gidansa, aka yanka ƙyalle, aka yi tafi, ya koma Abuja abinsa. Ni Furera aka bari da injin. Aikina in kwantar da mutum a kan gado, in tura shi cikin zagayayyen bakin nan, in ɗauko hoton abin da ke cikin kansa ko cikinsa, in nuna wa likita. Mutanen ƙauye tanderu suke ce masa, ni kuma ban hana su ba.

Wutar Nepa kuwa sai dai a labari. Da janareto muke aiki, gas ɗin da ake ba mu kuma na ranar Talata ne kawai, daga hantsi, kafin azahar ya ƙare ƙaf. Saboda haka wanda ya shiga da wuri shi ya samu.

To, a nan gizo yake saƙar. A asibitin nan ba da ciwo ake bin layi ba, da muƙami ake bi. Hafsoshi suna ciki a kan kujeru, ƙarƙashin fanka. Samanja da saje suna baranda. Kofur da farabiti, wato ƙananan soja, suna can waje gindin darbejiya. Babu wanda ya kafa wannan doka, su suka zo da abinsu. Na taɓa raba musu lamba bisa ga wanda ya fi jin jiki. Wallahi kafin in shiga ɗaki in fito sun yi musaya, kowa ya koma matsayinsa. Akwai wani Saje Khalilu, shi ma tsohon soja, da ya naɗa kansa mai tsaron layi, babu wanda ya sa shi. Shi ya ce da ni, "Hajiya, ke farar hula ce, ba za ki gane ba."

Wanda ya fi kowa ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Manjo Abdulkabir. Mutumin nan lafiyarsa ƙalau, ya fi ni ƙarfi. Amma bini-bini sai ga motarsa ta faka, wai yana jin wani abu yana masa yawo a ka. Likitanmu ɗan bautar ƙasa ne, in Manjo ya ɗaga murya sai hannunsa ya sa hannu a takardar ɗaukar hoto da kansa. Na sha gaya masa, "Yallaɓai, hasken injin nan ba abin wasa ba ne, ba a shigarsa don nishaɗi." Sai ya yi dariya ya ce shi da ya tsaya gaban igwa. Har firam ya sa aka yi wa hoton ƙwaƙwalwarsa ya rataye a falo, yana nuna wa baƙi. Kuma kafin ya cire babbar riga, da agogo, da zobba, da layu, ya gama amsa waya, rabin gas ɗinmu ya tafi.

Shi kuwa Baba Mati farabiti ne. Ya yi yaƙin Laberiya, ya dawo da ɗingishi, ya koma gonar ubansa. Da kakar nan ya hau rumbu zai jera dammunan gero, tsani ya zame, ya faɗo ta ka. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce ba komai. Daga baya ciwon kai ya sa shi gaba. Talatar da ta wuce ya zo, gas ya ƙare kafin a zo kansa. Wadda ta gabace ta ma haka. Ko tsaki bai yi ba, ya sara wa Saje Khalilu ya tafi gida.

Wannan Talatar da na leƙa gindin darbejiya, na ga jikin Baba Mati ya rikice. Matarsa Inna Hure tana ba shi koko, hannunsa na dama ya kasa riƙe kofin. Ana cikin gaisawa sai ya yi gyangyaɗi. Likita ya ja ni gefe ya ce yana tsoron jini ne ya taru masa a ka, in haka ne dole a kai shi Kano yau, ba gobe ba. Amma sai an ga hoto, don ba za a tsaga kan mutum a kan zato ba. Na san in Baba Mati bai shiga injin nan yau ba, da wuya ya ga wata Talatar.

Ga kuma motar Manjo tana shigowa, da wasu abokansa kyaftin-kyaftin guda biyu a baya.

Na durƙusa gaban tsohon na ce, "Baba, tashi mu je, kai ne farko yau."

Ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi motar. "'Yata, ga Oga nan fa."

"Baba, Oga lafiyarsa lau. Kai ne ba ka da lafiya."

"A'a. Ni in shiga gaban Manjo? Ina! Ba a yi."

Inna Hure ta ajiye kofin. "Malam, don girman Allah ka bi yarinyar nan. Manjon nan shi zai riƙe mini marayu? Ko gaisuwarka ba ya amsawa!"

"Hure, ki yi shiru, ba ki san soja ba."

Raina ya ɓaci, har hawaye ya kawo mini. Na taɓa ganin taurin kai, amma ban taɓa ganin mutum yana ja da baya daga ransa cikin ladabi irin wannan ba. Na shiga ciki na sami Manjo ya fara warware agogo. Na roƙe shi, na ce akwai tsoho a waje da ke tsakanin rai da mutuwa. Ya ce, "Malama, tsari ai tsari ne. In aka fara haka, gobe kuku ma sai ya zauna a kujerata. Ki yi sauri da ni, sai ya samu." Kyaftin ɗin nan biyu suka gyaɗa kai, su ma suna cire takalma.

Na koma ɗakin injin na tsaya. Janareto na ta kuka a baya, kowane kuka gas ne ke tafiya. Sai na tuna hirar da nake jiyowa daga gindin darbejiya, yadda in an zo hanyar da ba a yarda da ita ba, ake tura ƙaramin soja ya taka ta tukuna, ko an binne nakiya.

Na fito na ɓata fuska. "Yallaɓai, bismilla. Amma amana ta sa in gaya maka. Da na kunna injin da safen nan ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Ban san me zai yi wa wanda ya fara shiga ba. Wataƙila ba komai."

Hannun Manjo ya tsaya a kan maɓallin riga. "Wace irin ƙara?"

"Irin ta injin markaɗe in ya haɗiyi dutse."

Ya dubi kyaftin na dama, kyaftin ya sunkuya yana neman takalminsa. Ya dubi na hagu, shi kuma waya ta shigo masa nan take, ko ƙara ba ta yi ba. Manjo ya gyara murya ya ce, "Ba tsoro ba ne. Amma a ƙa'ida kwamanda ba ya taka hanyar da ba a duba ba. Saje Khalilu!"

"Sa!"

"Wane ne mafi ƙanƙanta a waje?"

"Farabiti Mati, sa!"

"A shigo da shi."

Jama'a, mutumin da na yi ta lallashi ya ƙi motsi, da Saje Khalilu ya daka tsawa, "Farabiti Mati, Oga na kira!" sai ga shi tsaye. Yana jan ƙafa, Inna Hure na tallafe da shi, ya zo gaban Manjo ya ɗaga hannun nan da ya kasa riƙe kofi, ya kai shi har goshi. Manjo ya ce, "Za ka shiga gaba ka duba mana hanya." Baba Mati ya ce, "An gama, sa." Fuskarsa har wani haske ta yi.

Na kwantar da shi, na cire masa hula da wata tsohuwar laya, na gyara kansa a matashi, na ce kada ya motsa. Ban taɓa samun wanda ya kwanta cak irinsa ba. Hoton ya fara fitowa a allo, likita na tsaye a bayana. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a gefen hagu, jini ya kwanta ya danne ƙwaƙwalwa gefe guda. Likita ya ce, "Innalillahi. Kano, yanzu-yanzu."

Na fito da gadon. Baba Mati ya kama hannuna ya ce, "'Yata, hanya lafiya? Oga zai iya shiga?"

Na mayar masa da hularsa da layarsa, na ci gaba da tura gadon.

Sauran magana ita ce mota. Motar asibitinmu tun bara take kan duwatsu, kaji ne ke ƙwai a ciki. In kuwa aka ce a tsaya bakin titi jiran bas, a cusa shi cikin buhuna da awaki, sai dai a sauke gawa a Ungogo. Muna cikin wannan Manjo ya leƙo, ya ji likita yana ce wa Inna Hure jini ne a kai.

"Jini?" Idonsa ya firfito. "Yanzu mutumin nan ya shiga da ƙafarsa! Injin ne ya fasa masa kai?"

Likita ya buɗe baki zai yi bayanin rumbu. Na taka masa ƙafa, da gaske na taka, har ya yi ƙara.

Manjo ya dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Da ni ne fa! Kyaftin, kun gani? Da yanzu ni ne!" Ya juya ya dubi Baba Mati, karo na farko da na ga ya dube shi sosai. Muryarsa ta canza. "Yaro ya ji rauni a gabana, a kan umarnina. Ba a barin wanda ya ji rauni a fili. Direba! Kawo mota bakin ƙofa!"

Da hannunsa ya kama kafaɗar tsohon, Saje Khalilu ya kama ƙafafu. Aka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Inna Hure, sanyin mota na busa su. Manjo ya shiga gaba yana ta buga waya, yana kiran sunayen manya a Kano, yana cewa yaronsa ne, a buɗe ɗakin tiyata. Agogonsa ma a wurina ya manta shi.

Tun daga ranar babu hafsan da ya sake kusantar ɗakina. Labari ya zaga har Bici cewa tanderu yana fasa kai. In ma wani ya zo da ciwon gaske, sai ya ce a fara da na gindin darbejiya, shi ba ya sauri. Saje Khalilu yanzu daga ƙasa yake kiran layi, da tsawarsa da komai, kuma a wurinsa babu abin da ya canza. Likita ya ce wata rana sai mun faɗi gaskiya. Na ce ya bari sai ya gama bautar ƙasarsa.

Bayan an gama sussukar dawa Baba Mati ya dawo a duba shi. An aske kan ƙwal, ga ɗinki a gefe, amma da hannun dama ya miƙo mini ƙullin gyaɗa. Manjo, in ji Inna Hure, har gida ya je da buhun shinkafa, ya tara mutane ya ba su labarin jarumin da ya tare masa mutuwa.

Da muka rage mu biyu na ce, "Baba, ka san dai ba injin nan ne ya ji maka ciwo ba ko?"

Ya yi murmushi. "'Yata, ni na faɗo daga rumbun, ai ba ke ba."

"To me ya sa ba ka gaya wa Manjo ba?"

Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. "A Laberiya ban san sau nawa aka tura ni gaba ba. Ranar da na samu wannan," ya dafa ƙafar da yake ɗingisawa, "da rarrafe na dawo, babu wanda ya waiwayo. Ki bar shi haka nan. Sau ɗaya dai an ɗauke ni a mota."

Ya sa hularsa, ya fita, ya koma gindin darbejiya ya zauna.