Hoton Baba a Littafin Mai Lofe

Duk wanda ya taɓa shan shayi a ƙofar gidan Alhaji Usuman a unguwar Madain Fahd ta Jidda ya ji labarin yadda ya haye Bahar Maliya daga Sudan a jirgin katako mai yoyo, yana kwalfe ruwa da kwanon abincinsa, ƙattin maza na kuka shi yana waƙa. Ya ji yadda ya yi dakon siminti a bakin teku tun Jidda ba ta san dogayen benaye ba, da yadda aka kama shi babu iƙama, wato takardar izinin zama, ya fito da ƙafarsa, har askarin na ba shi haƙuri. Ba ya karanta boko, Larabcin ma na kasuwa ne, amma yakan ce karatunsa a tafin ƙafa yake, kuma babu malamin da ya kai shi shafi.

Idan hira ta yi daɗi sai ya shiga ɗaki ya fito da littafin, naɗe cikin tsohon haraminsa na aikin haji.

Wani Bature ne ya rubuta shi, mai duba gonakin auduga a Sudan zamanin mulkinsu, wanda Hausawan wurin suka sa wa suna Mai Lofe. A tsakiyar littafin akwai hoto: dogon mutum riƙe da fartanya, fuskarsa ta juya gefe, can nesa da shi kaɗan ga yaro mai ƙaton ciki. Mutumin shi ne mahaifin Usuman, wanda ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar Makka, auduga ta tsare shi a hanya. Yaron kuwa Usuman ne. Wani akawun gona ne ya ba su littafin, tsohon bai taɓa buɗe shi ba, Usuman ya gaje shi.

"Mutum dubu nawa ne a gonar nan," in ji shi, yana buga yatsa a kan hoton, "amma Bature ya tsallake kowa ya zaɓi ubana. Ku naku iyayen a wane littafi suke?"

Ba ya bari kowa ya riƙe. Ya nuna, ya rufe, ya naɗe.

Ranar Juma'ar da jikarsa Ilham ta gama jami'a, inda ta karanta Turanci, mahaifinta Mustafa ya tara mutane cin abinci a gidansa na unguwar Safa. Mustafa shi ne ɗan farin Usuman, mai shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Kurayyat. Tun da aka haife shi Usuman bai taɓa kama sunansa ba, kamar yadda aka gada: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a yabonsa a gaban mutane. Da aka yaye shi, taubashin Usuman, Hashim, shi ya riƙe shi. In ya zama dole a yi zancensa sai Usuman ya ce "yaron nan", ko "mai sanyin nan", alhali yaron nan har ya fara furfura.

Bayan an ɗauke farantan shinkafa, Usuman ya zaro ƙunshin daga hammatarsa.

"To, ga mu kuma," in ji Hashim. "Ku gyara zama, za a nuna mana ƙaton ciki."

Usuman ya ce, "Kai dai da ko kare bai taɓa ɗaukar hotonka ba, yi shiru. Ina amaryar tawa? Zo nan. Yau ranar da nake jira ce. Karanta wa mutanen nan abin da Bature ya ce game da ubana."

Ilham ta zo ta durƙusa gefensa. Wannan ne karo na farko da ya saki littafin a hannun wani. Ta duba rubutun da ke ƙarƙashin hoton, ta juya shafi, ta dawo. Ta gyara mayafinta.

"Ya jaddi, kakana, ya ce mutumin kirki ne, mai ƙarfi. Khalas."

Usuman ya bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa. "Duk wannan tururuwar, kalma huɗu ce? Ban yi boko ba, amma na san buhu cike da buhu rabi. Karanta duka."

"Bari sai mun koma gida, ni da kai."

"A nan. Ubana ba abin ɓoyo ba ne."

Ta dubi mahaifinta. Mustafa yana tsaye bakin ƙofa da butar shayi, ya ɗaga mata kai alamar ta yi abin da aka ce. Sai ta fara, a hankali, Hausarta na tuntuɓe tana tallafa ta da Larabci.

"Ya ce, wannan mutumin yana da ƙarfin bijimi, da dariya irin ta yara. Na ce ya dafa kafaɗar ɗansa don in ɗauki hoto, ya ƙi, ya juya fuska. Ban taɓa jin ya kira yaron da suna ba. Ya ba ɗan'uwansa shi, kamar yadda ake ba da ɗan akuya." Ta tsaya. Usuman bai motsa ba, sai ta ci gaba. "Ya ce irin mutanen nan ba su san son 'ya'ya ba yadda mu muka san shi. Suna haihuwa su manta. Shi ya sa su ma suke bukatar wanda zai riƙe su, kamar yara."

 Wani baƙo ya ce a'uzu billahi. 

Mustafa ne ya yi magana, ba da ƙarfi ba, yana zuba shayi a ƙaramin kofi, idonsa a kan kofin.

"Baturen nan dai ya iya kallo."

Ya miƙa wa baƙon da ke kusa da shi kofin, ya koma kicin.

Usuman ya sha zagi a duniya. An kira shi takruni, sunan raini ga baƙin mutum ɗan Afirka, a bakin kasuwa ya rama, an tofa masa yawu a layin ruwa ya kwana lafiya. Amma wannan kalma ta shige shi ta inda babu ƙashi. Ya karɓi littafin, ya fara naɗe shi, Ilham ta taya shi tana cewa, "Samihni ya jaddi, yafe mini." Ya ce mata ba ita ta rubuta ba.

Suka hau tasi zuwa gida, shi da Hashim. Rana ta fara sanyi, motoci sun cika titi. Abin da ke cin Usuman biyu ne, zagin Bature da maganar ɗansa, kuma bai san wanda ya fi zafi ba. Shekara da shekaru yana tallar zagin ubansa gida gida, yana sa mutane su ce masha Allah. Ya tuna wani malamin makaranta ɗan Sudan da ya taɓa leƙa shafin, ya ce lallai hoto ya yi kyau, bai ƙara zuwa shan shayi ba. Ashe tausayinsa mutumin ya ji.

"Ƙarya Baturen nan yake yi," ya ce daga baya, kamar direban ne ya yi musu. "Ka san yadda Baba yake yi mini takalmi? Ba zai ce kawo ƙafarka ba. Sai na wuce, ya bi sawuna a ƙasa, ya auna da kara, ya je ya yanka taya. In tashi in ga takalmi a ƙofar ɗakin baffana, daidai ƙafata. Ko sau ɗaya bai taɓa matse ni ba. Wannan Mai Lofe ya gani? Yana can bisa doki yana hayaƙi."

"Bai gani ba," in ji Hashim. "Kai ka gani, don kowa a gonar haka ubansa yake. Shi Mustafa a nan ya tashi, inda ake kiran mutum da sunan ɗansa. Yana ƙarami ya tambaye ni, Kawu, me ya sa kowane uba a layinmu Abu wane ne, nawa in an ce masa Abu Mustafa sai ya yi kamar bai ji ba?"

"Me ka ce masa?"

"Na ce in ya girma zai gane. Ga shi ya girma."

"Kullum ina bi ta ƙofar shagonsa. Kullum. Da wannan gwiwar."

"Kana bi, ka wuce kamar wanda ake bi da sanda. Ni na san leƙawa kake ka ga ya buɗe lafiya. Shi abin da yake gani, tsoho ya wuce bai yi sallama ba. Kai ubanka ya bar takalmi a ƙofa. Kai me ka bari?"

 Usuman ya ɗora tafin hannu a kan ƙunshin da ke cinyarsa. Jefar da littafin ba zai yiwu ba, fuskar Baba na ciki, kuma babu wata a duniya. Ajiye shi kuma ya zama kamar kwana da kunama a aljihu. Abin da ya fi ƙona shi, Bature ya mutu da jahilcinsa tun tuni, amma maganarsa ta sami wurin zama a bakin jikan mutumin da ya zaga. Kuma ba Bature ne ya share mata wurin ba.

Washegari da hantsi ya sa farar jallabiya ya ɗauki sandarsa, ya kama hanyar Kurayyat kamar kullum. Shagon a buɗe yake. Mustafa na tsugune a waje, ya kwance wata na'ura yana wanke ta da tiyo, bayansa ga titi. Kusa da shagon akwai baƙala, kantin kayan masarufi na wani Bandar, wanda ya mayar da tsokanar tsohon abin karin kumallo. Yana hango shi ya leƙo daga bayan kwalayen ruwa.

"Sabahal khair, ya Abu Mustafa."

Abin da aka saba, tsohon ya tsuke baki ya ƙara sauri, Bandar ya yi dariya. Yau sandar ta tsaya. Usuman ya ji kunya ta taso masa tun daga tafin ƙafa, irin wadda zai ji in an tuɓe masa riga a masallaci. Ya ji kamar Baba na tsaye a gefe da fartanya, ya juya fuska.

"Na'am," ya ce.

Bandar ya yi sororo. Ya sake gwadawa, a hankali, ko kunnensa ne. "Abu Mustafa?"

"Na ce na'am. Kurma ne kai? Ba ni kujera, gwiwata na ciwo."

Ruwan tiyo ya ci gaba da zuba a kan na'urar da ta riga ta fita fes, yana gangarowa titi. Mustafa bai juyo ba. Bandar ya fito da kujerar roba zai ajiye a ƙofar kantinsa, Usuman ya nuna masa da sanda, can, ƙofar shagon gyara. Ya zauna, ya juya fuska gefe yana kallon motoci.

An jima Mustafa ya rufe famfo, ya goge hannu a wando, ya shiga ciki. Ya fito da kofin shayi ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafar tsohon, ya koma kan aikinsa. Usuman ya ɗauka ya kurɓa. Sukari ya yi yawa, ba haka yake sha ba. Ina yaron zai sani? Ya shanye duka.