Bangon da ke Tsakanina da Lionel

Takalmin yana hannuna, na ɗaga shi zan kai wa bango duka, sai na tsaya. Me zan daka? Ƙarfe huɗu na yamma ta gota, amma gidan maƙwabcina Lionel shiru. Na ƙirga da yatsa, yau kwana huɗu ke nan ban ji gangunan nan nasa ba. Shekara goma sha tara ina addu'ar samun wannan shirun, da ya zo kuma sai na kasa zama.

Na mayar da takalmin ƙafata, na fita cikin yayyafi. Gidajen layinmu a garin Hull na Ingila manne suke da juna, taku shida ne daga ƙofata zuwa tasa, amma ban taɓa shiga ba sai ran nan. Na same shi a falo, kan gadon asibiti da aka cusa tsakanin akwatunan faya-fayan garmaho. An ture gangunan can lungu. Mutumin da na sani ƙato, mai cika ƙofa, ya zube ya zama rabinsa. Ɗan gashin da ya rage masa a tsakar ka dai yana nan a miƙe, ya shafe shi da sabulu kamar kullum.

"A'a, Glenda maƙwabciya," in ji shi. "Kin zo ganin gawa?"

"Na zo in ji ko 'yan sanda ne suka taimake ni suka tafi da kai."

"Huhu ne. Likita ya ce wata guda, in na yi taurin kai, biyu." Ya nuna mini kujera da haɓa. "Zauna. Na san kin yi kewa. Ni ma kwana huɗun nan na yi kewar rakiyarki."

"Wace rakiya?"

"Kiɗan mana. Kullum ina farawa, sai ki shigo ta bango. Dum, dum, dum-dum. Ba ki taɓa yin gaba ba, ba ki taɓa yin baya ba. Na sha gaya wa mutanena, akwai wata mata a lamba goma sha ɗaya, kiɗa a jininta yake, kunya ce kawai ta hana ta fitowa."

Na yi sororo ina kallonsa. "Lionel, cewa nake yi ka rufa mana asiri ka yi shiru."

"Shiru?"

"Shiru. Har takardar ƙara na rubuta wa hukumar gari, sau biyu."

"Ke ce? Ni fa tsohon nan na lamba bakwai nake ta gaba da shi."

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da na riƙe masa kofin ruwa. Kada ku ga laifina. Mu a layinmu ba a faɗa wa mutum magana a ido. A haɗu a ƙofa, a gaisa, a zagi ruwan sama, kowa ya wuce. Shi kuma makaɗi ne, duk abin da ya faɗo a kan ƙa'ida kiɗa ne a kunnensa.

Da tarin ya lafa sai ya ce, "To, ko zagi ne, zagin yana tafiya daidai da kiɗa. Ina da roƙo."

Ƙungiyarsu su uku ne, sunanta Ruɓaɓɓen Kifi, kiɗan pank, wannan mai ihu da hayaniya, suke yi tun 1979. Akwai Maxine mai waƙa, wadda kuma ke riƙe babbar jita mai kaurin murya, da Royston mai ƙaramar jita, sai shi a kan ganguna. Lahadin farko na kowane wata suna wasa a Rami, wato ɗakin ƙasa na tsohuwar ƙungiyar masunta. Ƙarfe uku na rana ake farawa, don masu zuwa kallon duk sun tsufa, kowa da maganin da zai sha kafin shida. Dokar Rami kuwa ɗaya ce: ƙungiyar da ta tsallake Lahadinta ta rasa shi har abada, a ba na bayanta. Ƙungiyoyi tara ne ke jira a layi.

"Ba mu taɓa fashi ba," in ji shi. "Ranar da aka yi wa Royston aikin gwiwa a kan keken guragu ya yi wasa. Saura sati uku Lahadin Mayu, ni kuwa ko cokali ba na iya riƙewa. In suka rasa ranar nan, na san su, kowa zai shige ɗaki ya rufe ƙofa, shi ke nan."

"Garin nan cike yake da makaɗa. Ka kira ɗaya."

"Sun iya da yawa, shi ne matsalar. Wannan kiɗan ba iyawa yake so ba, haushi yake so. Ke nake so, don kin tara na shekara goma sha tara."

Na ce masa shekarata sittin da biyu, talatin daga ciki a kamfanin kifi na yi su ina feɗe kifi, kuma ban taɓa jin waƙar pank da ta fi mini ƙarar injin wanki daɗi ba. Ya ce madalla, haka ake so. Na tashi na yi tafiyata. Washegari ƙarfe goma na dawo da shayi a butar ƙarfe da biskit, wai na zo duba shi. Sandunan kiɗa suna ajiye a kan kujerar da na zauna jiya.

Haka muka fara. Na jawo kujerar kicin na zauna gaban gangunan, shi yana kwance yana ba da umarni kamar wani kyaftin. Hannun dama na kan farantin ƙarfe da ake kaɗawa, na hagu na kan ƙaramar ganga, ƙafa na taka fedar da ke dukan babbar. Kwana uku na farko gaɓoɓin nan uku kowa harkar gabansa yake yi.

"Kina tunani," in ji shi. "Da kina feɗe kifi kina tunani?"

"Da na yi tunani da ban kai yau da yatsa goma ba."

"To feɗe shi."

In na gaji sai ya sa in ɗauko masa faifai. Ya san mazaunin kowanne ba tare da ya ɗaga kai ba: akwati na uku, wajen tsakiya, mai yagaggen bango. Akwai tsofaffin rok na zamanin iyayenmu, akwai na pank da aka buga a ɗakin ajiye mota, wanda za ka rantse faɗa ake yi da tukwane. Yakan rufe ido ya ce, "Manta da mai ihun. Saurari na bayansa." Wata rana na kama kaina ina wanke-wanke ƙafata na taka ƙasa. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

A sati na biyu Maxine ta zo, doguwa, gashi kore shar, da tabarau na karatu rataye a wuya. Ta kawo soyayyen kifi da dankali a takarda, ta tsaya tana saurare na minti ɗaya.

"Lionel, wannan ce gwanar taka? Kamar wadda ke kakkaɓe darduma."

"Ke a saba'in da tara kamar akuyar da ƙofa ta datse kike," in ji shi. "Wa ya kore ki?"

Ta harare shi, ta ɓare masa ɗan kifi ta sa masa a baki. Da na raka ta ƙofa ta riƙe hannuna, ta dubi ƙurajen da suka fashe a tafin. Ta ce, "'Yar'uwa, ki naɗa filasta kafin ki fara, ba bayan kin gama ba." Idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙin girkina ne, alhali ban ɗora komai ba.

A satin ƙarshe magana ta yi masa wuya. Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa kullum ta so a hana kiɗan, sai ta lura ba ya samun barci sai ana yi. Ranar Alhamis da hantsi na yi waƙoƙinsu goma sha ɗaya a jere, karo na farko ke nan da na kai ƙarshe ban tsaya ba. Ya buɗe ido ɗaya.

"Kin yi sanyi a ta bakwai," ya ce a hankali. "Sake."

Na sake. Ina cikin ta huɗu na ga ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe. Ina cikin ta tara na lura bargon da ke ƙirjinsa ya daina motsi. Ban tsaya ba. Tsoro nake ji in tsaya, don na san abin da zan ji in na tsaya. Na gama ta sha ɗaya na koma ta farko, har sai da ma'aikaciyar ta dafa kafaɗata ta ce, "Ya isa haka, Glenda. Ya tafi."

Da yamma Maxine da Royston suka zo kicin ɗina. Royston ɗan siriri ne, bai cika magana ba, sai juya cokali yake a shayin da bai sa wa sukari ba.

"Zan kira 'yan kwamitin Rami in ce mun fasa," in ji Maxine. "Ba zan iya juyawa in ga wani a wurinsa ba."

"Ki fasa?" na ce. "Dubi hannuna. Sati uku mutumin nan yana zagina daga kan gado, ya mutu yana ce mini na yi sanyi, sannan ki ce kin fasa? In ba za ki juya ba, kada ki juya. Ki kalli gabanki, ni na san abin da zan yi a baya."

Royston ya ajiye cokalin. "Ƙarfe biyu za mu zo mu ɗauke ki," in ji shi.

Ranar Lahadi Rami ya cika har matakala. Furfura ko'ina, rigunan fata da suka daina rufe tumbi, sandunan dogarawa a jingine jikin bango, ga kuma 'yan ƙungiyoyin da ke jiran ranarmu sun yi cirko-cirko a baya. Gangunan wurin na kowa ne, amma kujerar Lionel tasa ce, mai ƙafa uku, an naɗa jan filasta a ƙarfenta daidai tsayin da yake so. Na hau, sai na ji ƙafata da ƙyar take taɓa feda, da kan yatsu. Na kai hannu zan sauke ta, mai kula da lasifika ya girgiza mini kai. A Rami ba a taɓa kujerar makaɗi, ko da yana kwance a ɗakin ajiye gawa.

Na haɗa sanduna sau huɗu kamar yadda ya koya mini, muka shiga. Waƙar farko ta watse tun ba a je ko'ina ba. Sanda ta kuɓuce mini ta faɗa cikin mutane, wani tsoho mai na'urar ji a kunne ya tsinto ya miƙo mini da hannu biyu. Na ga sakataren kwamiti ya dubi agogo.

Maxine ba ta juyo ba. Ta kai baki jikin makirufo ta ce, "Wannan Glenda ce. Shekara goma sha tara tana neman Lionel ya yi shiru. To ranar Alhamis ya yi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ni kuwa wani haushi ne ya taso mini tun daga ciki. Haushin mutumin da ya bari sai da na saba da shi sannan ya tafi, haushin taku shida da na kasa yi tun ina da sauran ƙarfi. Na haɗa sandunan, na faɗa wa gangunan nan da duka. Ban san lokacin da muka wuce ta bakwai ba. Na dai ga tsofaffi suna tsalle suna bangazar juna, wata ta faɗi, hannu biyar suka ɗaga ta kafin ta gama faɗuwa. Waƙa goma sha ɗaya, minti ashirin da huɗu. Maxine ta ce Lionel bai taɓa yin ƙasa da ashirin da shida ba.

Mutane suka hau sama shan shayi da giya. Sakataren ya ɗauki alli ya je allon da ke bakin matakala, ya rubuta Ruɓaɓɓen Kifi a ƙarƙashin watan Yuni. Ni ina nan zaune, gumi ya jiƙa mini riga, na kasa sauka.

"Ɗan tashi," in ji Royston.

Na tashi. Ya durƙusa a kan gwiwar nan tasa da aka yi wa aiki, ya sa farce ya ɓare jan filastan a hankali, ya manna shi a bayan jitarsa. Ya juya kujerar sau uku, ta sauka. Maxine ta tsaya da kofi a hannu tana kallo.

"Gwada mu gani."

Na zauna. Tafin ƙafata ya kwanta a kan feda gaba ɗaya, har diddige. Royston ya laluba aljihu ya ciro sabon filasta, fari, ya fara naɗawa.