Shaidar da Ban Bayar Ba

Shekara tara muka yi da Malam Abdussamad katanga ɗaya ce tsakaninmu, a wata unguwa bayan kasuwar Funtua. Sunana Habila, Kirista ne ni ɗan Kirista, daga ƙasar Malumfashi. Aikin malamin gona ya kawo ni garin a 1978. Shi kuwa mutumin Tsiga ne. Da safe yana koyar da Larabci a firamare, da damina yana noma auduga, ranar Juma'a bayan la'asar kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa ya yi wa'azi.

Ba mu taɓa yarda da juna a kan siyasa ba. Shi a wurinsa ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an bi dokar Allah, an hana cin riba, an karɓi zakkar hatsi daga manyan manoma an ba talaka.

Wata rana na ce masa, “To Malam, idan aka yi hakan, mu fa?”

Ya ce, “Ku maƙwabta ne, haƙƙinku yana wuyanmu.”

Na ce, “Ni ba na son zama a wuyan kowa. Ƙasar ai tawa ce yadda take taka.”

Ya yi dariya ya ce, “Malamin gona, ka cika gardama.” Haka muke rabuwa kullum. Amma duk Kirsimeti shi nake kira ya yanka mini rago, don shi da iyalinsa su iya cin naman.

Bayan rikicin 'yan tatsine na Kano, hukuma ta kafa kwamitin tantance masu wa'azi, aka ce babu mai buɗe baki a bainar jama'a sai da takardar izini. Malam ya shiga kwamitin da zuciya ɗaya. Babu wanda ya kai shi sukar mutanen nan. Yakan ce wanda ya zubar da jinin bayin Allah da sunan addini, hukuma ta kama shi, kuma malamai su taya ta. Shugaban kwamitin Alhaji Maiwada ne, babban dillalin takin zamani a yankin.

A 1984, da aka sake yin rikici a Yola, sai aka kawo wa kwamitin takarda mai sunayen waɗanda ake zargi. Malam ya dawo gida ransa a ɓace, ya kira ni ta kan katanga.

“Ka san wani Mudi a Mahuta?”

Na san shi sarai. Manomi ne mai bakin tsiya, ni nake zagaya gonarsa. Shi ne ya miƙe a taron rabon taki ya tambayi Alhaji Maiwada yadda aka yi buhunan ƙauyensu suka bayyana a kasuwa.

Malam ya ce, “Sunansa ne na uku. Mutum shida 'yan Mahuta, duk waɗanda suka yi maganar taki. Na ce a kawo shaida, Alhaji ya ce mini lokacin fitina ba a jiran shaida. Na ce to hannuna ba zai hau takardar ba.”

Ƙin sa hannunsa bai hana komai ba. Aka kwashe su. Mudi ya yi wata bakwai a tsare, ya fito kunnensa na hagu ba ya ji. Malam ya fita daga kwamitin.

Sai ga shekarun tsuke bakin aljihu. Aka karya darajar naira, aka rushe hukumar sayen auduga, taki ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Alhaji Maiwada da ire-irensa suka kafa sikelinsu a ƙauyuka, abin da suka yanka shi ne farashi. Ni ma aka sallame ni a cikin rage ma'aikata, na buɗe ƙaramin shagon iri da maganin feshi a kasuwa.

Daga nan wa'azin Malam ya ƙara zafi, jama'a kuma suka ƙaru har suna tare hanya. Daga tsakar gidana nake jin sa.

“Sun ce suna yaƙar fitina! Ka hana mutum taki, ka danne masa sikeli, ka kori ɗansa daga aiki, sannan ka ce kana mamakin inda masu fitina suke samun mabiya? Sun ce ba su karɓi rancen Turawa ba, amma sun karɓi sharuɗɗansa. Ina amfanin ƙin cin mushe idan za ka sha romonsa? Bindiga tana kashe ɗan tatsine, ba ta kashe abin da ya haife shi. Wallahi idan ba a yi adalci ba, wutar da za ta tashi ba ta san gidan kowa ba.”

Wani ya ɗauki wannan wa'azin a kaset, ya bazu har tashoshin mota. Kwamitin ya karɓe takardar izininsa. Malam ya koma karantar da littafi a zaure, mutane suka ci gaba da zuwa.

A watan Maris na 1987 labarin abin da ya faru a Kafanchan ya iso Funtua, kowa da irin yadda ya ji shi. Da hantsi muka hango hayaƙi ta wajen majami'armu. Kafin in gama ɗaura takalmi, Malam ya shigo gidana ko sallama babu.

“Dinatu, kwashi yara ku shiga wurin iyalina. Kai ma bi su.”

Matata ta ja yaranmu huɗu muka bi ta ƙofar baya. Ni na tsaya a zaurensa ina leƙe ta jikin ƙyaure. Malam ya jawo tabarma ya shimfiɗa a bakin ƙofata ya zauna.

Sun fi mutum hamsin, da sanduna da galan ɗin fetur. Na gaba na gane shi: Aƙilu tela, mutum mai mata biyu, wanda ba ya fashin karatun Malam.

“Malam, ka tashi.”

“In je ina? Nan nake zaune.”

“An kashe 'yan'uwanmu a Kafanchan!”

“Habila ne ya kashe su? Aƙilu, a wane shafi na karantar da kai wannan? Kawo littafin mu gani.”

Wani daga baya ya yi ihu, “Malamin gwamnati!” Dutse ya taso ya same shi a goshi, jini ya wanke masa fuska. Bai miƙe ba. Ya sa gefen rawani ya danne wurin, ya ce duk mai son shiga gidan nan sai ya taka shi. Aƙilu ya tsaya yana huci, can ya juya, sauran suka bi shi.

Gidana ya tsira. Shagona na kasuwa ya ƙone ƙurmus, majami'armu ta koma bango huɗu.

Kwana uku bayan haka jami'an tsaro suka fara kame. Aƙilu ya riga ya bar gari. Malam suka tarar a zaure da tsumma a goshi, suka tafi da shi. Raunin ya zama shaidar cewa yana cikin masu tarzoma, ga kaset da kwamitin ya miƙa, inda ya ce wuta za ta tashi. Aka samu mutum biyu da suka ce sun gan shi a tsakiyar taron yana magana da jagoransu. Ba su yi ƙarya ba, sai dai ba su faɗi abin da yake cewa ba.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna Tsohuwa, ta zo daga Tsiga ta same ni. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa.

“Ɗana, lauya ya ce bakinka ne kaɗai zai fitar da shi. Musulmi goma sun yi shaida, an ce almajiransa ne. Kai kuwa babu mai cewa ka yi son kai.”

Na ce, “Inna, ko da rarrafe ne zan je kotun a Kaduna.” Kuma har ga Allah a lokacin da gaske nake.

Ranar Lahadi muka yi sujada a gindin bishiya, kusa da tokar majami'a. Da aka tashi dattawan ikilisiya suka kira ni gefe. Baba Amos, wanda aka ƙona wa gida aka karya wa ƙafa, shi ya yi magana.

“Mun ji za ka je ka wanke malamin nan.”

“Baba, shi ya ceci iyalina.”

“Naka ya ceta. Namu fa? Shekara nawa yana hura wuta a ƙofar gidansa? Don ya yayyafa ruwa a ƙofarka sai ka manta wanda ya tara itacen? Idan aka sake shi a kan maganarka, gobe duk sai su nemo Kiristan da zai ce sun cece shi.”

Na so in ce Malam bai taɓa ambaton Kirista da sharri a wa'azinsa ba, da Alhazawan taki yake. Sai na dubi ƙafar Baba Amos a ɗaure da karare, na kama hanyar gida.

Ana sauran mako guda a shiga kotu Alhaji Maiwada ya aiko a kira ni. Ya yi mini jaje sosai a kan shagona. Ya ce yana neman mutum mai ilimin auduga da zai riƙe masa sikeli, kuma ya daɗe yana jin labarin amanata. Da zan fita ya ƙara da cewa, “Kotun nan ta musamman ba wurin mai iyali ba ce, Malam Habila. Mutum ya shiga a mai shaida, a yi ta juya shi da tambaya har ya kwana a can.”

A lokacin masarar da 'yan'uwa suka aiko daga Malumfashi muke ci, ita ma ta kusa ƙarewa. Ba don in wanke kaina na faɗi wannan ba. Haka abin yake.

Ranar shari'a na aika wa lauya cewa zazzaɓi ya kwantar da ni. Dinatu ta tsaya a kaina ina kwance lafiyata ƙalau.

“Baban Liatu, tashi ka je. Har yanzu za ka samu mota.”

“Ba ni da lafiya.”

“To ni zan je. Ai ina gidan, na ji komai.”

Na ce idan ta taka ƙofar gidan nan kada ta dawo. Ta fita ta ci gaba da wanke-wanke. Aka yanke wa Malam shekara biyar. Iyalinsa suka sayar da gidan da gonar suka koma Tsiga. Ni kuwa na karɓi aikin sikelin Alhaji Maiwada.

A kakar 1989 Alhaji ya tura ni Tsiga awon auduga. Ina tsaye bakin sikeli na hango wani tsoho a layi yana jan jaki da buhu biyu. Sai da ya matso na gane shi. Ashe an sake shi saboda ciwon ƙirji. Gemunsa ya yi fari, rigar ta yi masa yawa. Shekararsa ba ta kai hamsin ba.

“Malamin gona.”

“Malam... ashe ka fito. Barka da arziki.”

“Alhamdu lillahi. Ina Dinatu da yara? Liatu ta gama firamare?”

“Ta gama.”

“Madalla. Na ji an ce zazzaɓi ya kama ka a wancan lokacin. Ina fata jiki ya yi sauƙi.”

Na duba fuskarsa ko zan ga ba'a, ban ga komai ba. Na ce, “Malam, ba zazzaɓi ba ne.”

“Na sani.” Ya yi tari mai tsawo. “A ciki na yi ta tunani. Waɗanda na karantar sun jefe ni da dutse, waɗanda na taya yaƙar fitina sun ɗaure ni a kan fitina. Kai ne ma ba ka yi mini komai ba, zuwa ne kawai ba ka yi ba.”

Gara a ce ya zage ni. Na rage murya na ce ya bari in gyara masa awon, don ni na san yadda sikelin yake. Ya girgiza kai.

“Mutanen da ke bayana fa, su ma za ka gyara musu? Auna mini yadda kake auna wa kowa.”

Na auna masa yadda nake auna wa kowa. Ya karɓi takardarsa, ya ja jakinsa ya tafi, na kira na bayansa.

Bai sake wa'azi ba. Masu zuwa zaurensa a da sun koma wurin waɗansu malamai da suka fi shi zafi, waɗanda ke cewa duk mai aiki da hukuma ya bar hanya, har suna ba da misali da shi. Kafin damina ta faɗi ya rasu. Dinatu ce ta shiga mota ta je ta'aziyya ita kaɗai, ba ta tambaye ni ba. Ni ranar ina garin Dayi, muna lodin auduga.