Kwamfutar da Mujtaba Ya Wanke

A kasuwar masu gyaran kwamfuta ta birnin Lucknow, kowa ya san Mujtaba Rizvi da hali guda: in zai kwashe kayan cikin kwamfutar mutum, sai ya juya fuskarta ga bango. Haka ubangidansa ya koya masa, don akwai hotunan matan mutane a ciki. Da wannan ya yi suna, har yana taƙama da shi.

Wata Talata da hantsi yana kwashe kayan wata kwamfuta, sai aikin ya cije. Kwamfutar Malam Saxena ce, dattijon da yara ke zuwa gidansa ƙarin karatu bayan an tashi makaranta. Mujtaba ya juyo fuskarta don ya ga abin da ya tsaya, sai ya ga hotunan yara ƙanana a halin da baki ba ya iya faɗa. Ya kife kwamfutar.

Omkar, maƙwabcin shagonsa, ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"Ustaz, lafiya? Ka yi zuru kamar an ce surukarka ta zo kwana arba'in."

Mujtaba ya raɗa masa. Omkar ya ajiye kofin.

"Kai, wannan ba ta wasa ba ce. Doka ta ce wanda ya gani ya kai rahoto, in ya yi shiru shi ma ya shiga ciki. Tashi in raka ka."

"'Yan sanda su kwashe min kayan aiki wata shida? Kasuwa ta ce Mujtaba na leƙen hotunan mutane? Wa zai sake kawo min ko da linzamin kwamfuta?"

"To, mai tsarki, ya za ka yi?"

Abin da ya yi shi ne ya wanke ma'ajiyar kwamfutar tas, irin wankin da ba gwanin da zai dawo da komai. Ya ce wa ransa ƙazanta ya ƙona, har lada yake sa rai. Ƙarya yake, tsoro ne kawai, kuma ya sani. Da Malam Saxena ya zo, ya ce masa ma'ajiyar ta mutu. Dattijon ya kalle shi jim, ya yi murmushi, ya ce Allah ya yi albarka. Wannan murmushin ya hana Mujtaba jin daɗin abinci kwana da kwanaki.

Rannan sai ga wata 'yar sanda, Sufeto Nandini, tare da wata mata mai ɗinki, Rukhsana. Takardar shagonsa da ke manne a bayan kwamfutar ce ta kawo su.

Sufeton ta ce, "'Yar wannan baiwar Allah, mai shekara tara, ta faɗi abin da malaminta Saxena ke yi. Ya musa. Mun duba kwamfutarsa, fayau take. Me ka tarar a ciki?"

Rukhsana ta matso. "Ɗan'uwa, unguwa duk an ce 'yata maƙaryaciya ce, wai ni na kitsa mata. An ce kai mutumin kirki ne, ba ka kallon kayan mutane. Amma ko da kuskure, ba ka ga komai ba?"

Ga ƙofar fita an buɗe masa, in ya ce bai gani ba, shi ke nan a wuce wurin. Amma kunya ta rufe shi.

"Na gani. Ni na goge da hannuna. Yarinyar gaskiya ta faɗa, zan maimaita a gaban alƙali."

Sufeton ta zaro biro. "Ka san kai ma za ka amsa tambaya?"

"Na sani."

"Yaushe ka gani?"

"Sati uku ke nan."

Rukhsana ba ta yi ihu ba. Ta dafa teburin, tana kallonsa.

"Sati uku," ta ce. "Sai shekaranjiya yarinyar ta faɗa min. Kullum tana kuka ba ta son zuwa, ni kuwa ina jan hannunta har ƙofar gidansa."