Katin da Na Ɗauke wa Mijin Yayata

Shekara ashirin da biyu mijin yayata, Sitiveni, ya yi yana jan tirela tsakanin Brisbane da Cairns, kafin ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu har aka yanke ta daga gwiwa. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya samu kujera a barandar gidansu da ke Woodridge ya zauna, ya daina magana. Mutumin da in ya fara ba da labarin hanya abinci kan huce a gabansa, ya koma in ka gaishe shi ya ɗaga maka hannu kawai.

Wata ma'aikaciya ce a wurin da ake koya masa tafiya da sanduna ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta kunna masa wasan tuƙin manyan motoci. Yayar tawa, Yaya Naite, ta ce min ranar ta ji dariyarsa, karo na farko a wata bakwai. Wai har faɗa ya yi wa ma'aikaciyar don ta shiga kwana ba ta ba da sigina ba.

Ita Yaya Naite aikin kula da tsofaffi take yi, kuma ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara tara, lokacin da mahaifiyarmu ta rasu a Tonga. Ta ƙara kwanakin aiki, ta haƙura da tafiya gida bikin 'yar ƙawarta, ta tara dala dubu ɗaya da ɗari huɗu. Wata Asabar cikin Agusta ta zo ta ajiye min su a teburin kicin cikin ambulan.

"Kelepi, kai ka san kan waɗannan abubuwan," ta ce. "Ka haɗa masa kwamfutar wasan, mai kyau. Ba na son wadda za ta ba shi wahala."

Na ce ta bar min komai.

Kuma da farko na yi aikin tsakani da Allah. Akwatin kwamfutar, wanda aka taɓa amfani da shi, na sayo wurin wani ɗalibi a Sunnybank, sitiyari da abin taka totur da birki na samo su gwanjo, na yi ta jiran ranar da shaguna za su karya farashi. Duk wannan tsimin na yi shi ne don kusan rabin kuɗin ya tafi kan abu ɗaya, wato katin da ke fitar da hoto. Shi ne ran kwamfutar wasa. Na sayo sabo fil a kwalinsa.

Da na dawo gida sai na ce bari in gwada shi a tawa kwamfutar, in tabbatar lafiyarsa lau. Na cire tsohon katina, na saka sabon, na kunna wasan yaƙin da muke yi da abokan aikina na sito. Ban taɓa ganin wasan nan haka ba. Ganyen bishiya ɗaya bayan ɗaya nake gani, hoton bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Na ce gwajin kwana biyu zan yi. Kwana biyu suka zama mako.

Daga nan na fara yi wa kaina bayani. Wasan tirela ai ba gudu ake yi ba. Sitiveni bai san bambancin wannan da wancan ba, idonsa ma ba na da ba ne. In na samu kuɗi bayan Kirsimeti sai in sayo masa wani in saka ba wanda ya sani. Abin da na ƙi tsayawa in duba shi ne, na san halin tsohon katina. Bara lokacin zafi ya yi ta ɗaukar zafi yana kashe min kwamfuta. Na goge masa ƙura, na saka shi cikin akwatin Sitiveni, na ɗaure murfi.

Ranar Lahadi bayan an taso coci na kai. Yaya Naite ta gasa naman rago cikin ganyen gwaza da madarar kwakwa, ta kira maƙwabta. Sitiveni ya kama sitiyarin da hannu biyu, ya ɗora ƙafar damarsa kan totur, ya fita da tirela daga gareji da baya ba tare da ya goga ko'ina ba. Hanyoyin cikin wasan na wata ƙasa ne, amma shi duk garin da ya shiga sai ya raɗa masa suna: nan Rockhampton, can Mackay, ga inda ake sayar da kifi mai daɗi. Kafin a ci abinci Yaya Naite ta yi addu'a, ta ambaci sunana sau biyu. Na ci abincin har na ƙara.

Wata uku komai lafiya, har na daina tunawa. Sai zafi ya shigo, don a nan ƙarshen shekara ne lokacinsa.

Ban ji daga bakinsa ba. Yaya Naite ce ta faɗa min a waya, cikin wata maganar, cewa Sitiveni ya rage wasa. Wai kwamfutar kan mutu yana tsakiyar tafiya, kayan da ya ɗauko su tafi a banza, kuma ya hana ta gaya min. Na ce zan leƙo. Na yi mako biyu ban je ba. Kirsimeti ta wuce, kuɗin da na ce zan samu suka tafi kan gyaran mota.

Ranar da na je, wata Laraba ce cikin Janairu da na tashi aiki da wuri, rana kamar za ta narka kwalta. Na same shi a falo ba riga, gumi na bin bayansa. Fankar da ya kamata ta riƙa busa shi ya juya ta ga kwamfutar, ya jera robobin ƙanƙara a gefenta kan tawul. Da sanda ɗaya yake dogarawa yana ɗauko su daga firij, Yaya Naite ta gaya min daga baya cewa sau biyu yana faɗuwa a hanyar kicin.

Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai.

"Ƙanena, ka yi haƙuri," ya ce. "Na ɓata maka aikinka. Ina jin wani abu na danna. Ka san hannun direba, ba na irin waɗannan kayan ba ne. Kunya ce ta hana ni kiranka."

Na tsaya riƙe da makullin mota, na rasa inda zan sa idona. Na ce masa ina zuwa.

A gida na cire sabon katin, na nemo kwalinsa a saman durowa. Duk hanyar dawowa ina shirya abin da zan ce: na gano matsalar, ƙaramin abu ne, na canja. Da hakan ya wuce, ba mai tambaya. Amma da na shigo na tarar Yaya Naite ta dawo, tana zaune da rigar aikinta tana cire takalmi. Ta dubi kwalin, ta tambaye ni ko wani kuɗin na sake kashewa, in faɗa mata nawa ne ta biya ni. Nan na watsar da maganar da na shirya. Na gaya mata gaskiya, a tsaye a bakin ƙofa, tun daga ranar gwaji.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gama cire ɗaya takalmin, ta jera su, sannan ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Ga shi can."

Ya riga ya ji, falon ba wani girma gare shi ba. Duk da haka sai da na je gabansa na maimaita. Ya daɗe yana kallon robobin ƙanƙarar.

"To ba ni na ɓata ba ke nan?"

"Ba kai ba ne, Yaya."

"Madalla." Ya share fuska da tawul. "Miƙo min sukundireban. Kai faɗa min inda zan kwance, ni zan saka."

Haka aka yi. Na durƙusa a gefe ina nuna masa da baki, shi yana kwancewa da manyan yatsunsa a hankali. Sau ɗaya na miƙa hannu zan taimaka, ya ce in bari. Da ya kunna, ya ga ruwan sama na sauka kan gilashin tirelar ɗigo-ɗigo, ya ce ashe haka abin yake. Ya miƙo min tsohon katina, na fita da shi a hannu ko leda babu.

Sitiveni bai sake tayar da zancen ba har yau. In na je yakan sa in jawo kujera in zauna gefensa, wai ni ne yaron mota, yana tsokanata cewa ko taya ban iya canjawa ba. Yaya Naite kuwa tana gaishe ni, tana zuba min abinci, tana tambayar matata da yara. Sai dai cikin Maris, muna tsaye a harabar coci, wata abokiyar aikinta ta zo ta ce tana so a haɗa wa jikanta kwamfuta, ko Naite ta san wani mai amana da ya iya. Ina nan kusa da ita, kafaɗata na taɓa tata. Yaya Naite ta yi ɗan tunani, ta ce a'a, ba ta san kowa ba, gara matar ta je shago.