Ɗan'uwan Saffana

"Ka tambaye shi," in ji Hajiya Fasuma, tana riƙe da hannun farar rigar likitan. "Ka ce me ya sa ta gadon kusa da taga tana nan ana ɗura mata magani, tamu kuwa an ce mu kwashe ta?"

Barmo ya share gumi. Shi ne mai loda wa 'yan kasuwa kaya a kwantena, shi kaɗai ke jin Sinanci a benensu na unguwar Xiaobei, don haka duk mai zuwa asibiti shi yake ja. "Hajiya, sakar masa riga. Nan ba Fagge ba ce."

"Na san ba Fagge ba ce. A Fagge ba a sallamar mutum yana aman jini. Tambaye shi!"

Ya tambaya. Likitan ya zare hannunsa, ya yi magana mai tsawo, yana yi yana nuna ƙirjin Barmo da biro. Da ya gama, Barmo ya ce, "Ya ce sai haƙuri."

Fasuma ba ta taɓa zama a aji ba, amma ba a ruɗar ta da irin wannan. Mace mai tuƙa tuwo a ɓoye a hawa na tara, tana ciyar da rabin 'yan Kano da 'yan Nijar na titin Huanshi ba tare da mai gida ya kama ta ba, ta san tsawon "sai haƙuri" a kowane yare. Ta juya ga likitan da kanta, ta nuna ɗakin da Saffana take kwance, ta buɗe tafukan hannu. Shi ma ya gaji. Ya haɗa Turancinsa guntu-guntu, irin na kasuwa, wanda ko ita tana ji: ɗan'uwa ya sani, tun lokacin sanyi, a lokacin ana iya aiki, yanzu meyo, babu.

Ya wuce abinsa.

Saffana maƙwabciyar Fasuma ce, ƙofa da ƙofa. 'Yar Maraɗi, bazawara mai 'ya'ya uku da ta bar wa tsohuwarta, tana saro kayan yara a kasuwar Shahe tana aikawa gida. Ba ta da surutu, ba ta cin abu mai yaji, takan wanke wa Fasuma tukwane ba a sa ta ba. Tun sanyi take cewa gyambon ciki ne, haka aka faɗa mata. Da ƙwayoyin kashe zafi a jakarta take hawa motar Shahe, tana ramewa, zane yana zagaye ta sau biyu. Sai da ta faɗi a matakala aka dawo da ita asibiti, nan Fasuma ta ga matan ɗakin duk kansu ba gashi, ta gane wane ɗaki ne.

Ta jira sai da ita da Barmo suka fito. A kan gadar ƙafa ta Huanshi, inda aka rataya tutocin wasannin Olamfik, 'yan sanda biyu suna ƙasa suna tare baƙar fata suna duba fasfo, nan ta sha gabansa.

"Kai ne ɗan'uwan?"

"Hajiya, mu isa gida."

"Uwarku ɗaya ko ubanku ɗaya? Kai ɗan Azare, ita 'yar Maraɗi. Ta ina?"

"Ranar da na fara kawo ta suka ce wane ne ni a wurinta. Me zan ce? Musulma ce, maƙwabciya ce. Na ce ɗan'uwa. Ko ke haka za ki ce." Ya rage murya. "A ƙasar nan ba a faɗa wa marar lafiya yana da daji. Dangi ake ja gefe a faɗa musu, su za su yanke abin da za a yi. Suka ja ni gefe."

"Suka ce me?"

"Ko a yi aiki nan take, ko a mai da ita gida."

"Kai ka ce me?"

"Na ce su ba ta maganin kashe zafi tukuna." Ya ga fuskarta ya yi sauri. "Bizarta ta ƙare, Hajiya! Kwanciya asibiti sai da fasfo, ga kamen da ake yi saboda wasannin nan. Na ce bari a gama wasannin, abubuwa su lafa. Kuma ni Allah ne da zan dubi mace in ce mata za ta mutu? Ita ma ta gadon tagar ai ba ta sani ba. Hanta aka ce mata ta kumbura."

"Na gan ta. Na ga mijinta yana kwana a kujera, na ga 'yarta tana bin likita har bakin bayi da katin inshora a hannu. Ita an yi mata ƙarya da mutane a bayanta. Tamu ka yi mata ƙarya ka koma lodin kwantena."

"Niyyata alheri ce."

"Allah ya isa tsakaninta da alherinka."

Suka dawo da Saffana a tasi, aka ɗauke ta a kujera har sama. Fasuma ta bi duk inda aka ce ta bi. Shugaban 'yan Nijar ya ce wanda bizarsa ta ƙare sai ya miƙa kansa, a tsare shi, kafin a ba shi izinin fita. Masu tikiti suka ce jirgi ba ya ɗaukar wanda ba ya iya zama. Ta sake komawa asibitin ita kaɗai, ta tsaya a bakin ofis tana zagi da Hausa har mai gadi ya riƙo gwiwar hannunta ya fitar da ita. Babu wanda ya ji abin da ta ce. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Da hantsi ta shiga da kunu. Saffana ba ta sha ba.

"Inna, wannan gyambon ya ƙi ji."

Fasuma ta ajiye kofin. "Ba gyambo ba ne. Daji ne."

Fankar ɗakin tana ta juyawa. Saffana ta daɗe tana kallon buhunan kayan yara da ke jingine a bango.

"Yaushe aka sani?"

"Tun sanyi. Barmo aka faɗa wa."

"Tun sanyi," ta maimaita. "A lokacin ina hawa benen nan da buhu a ka. Da na miƙa kaina sun rufe ni, da yanzu ina Maraɗi." Ba ta yi kuka ba. "Ƙaramar tawa ba ta san fuskata ba, Inna. A hoto take nuna ni."

"Kin so ban faɗa miki ba?"

"A'a. Jikina ne ai."

Daga nan maganarta ta ragu. Barmo ya zo da lemo da madara, Fasuma ta ajiye masa ledarsa a waje ta rufe ƙofa. Ranar wata Talata, ana kiran azahar a wayar wani a ƙasa, Saffana ta cika, kanta a cinyar Fasuma.

Manyan unguwa suka yi ta fama da hukuma har aka ba da gawa. A ɗan ɗakin wanka na maƙabartar Musulmi Fasuma ta yi mata sutura tare da wata Basiniya tsohuwa da ba su jin maganar juna. Da ta fito maza sun taru a inuwa, liman yana tambayar ko an sanar da gida. Kowa yana jiran wani.

"Ga ɗan'uwanta nan," Fasuma ta ce da ƙarfi, tana nuna Barmo. "Shi asibiti ya sani. Shi aka faɗa wa tun sanyi ya haɗiye. To yau sai ya buɗe baki."

"Hajiya, ki bari a yi jana'iza," in ji liman.

"Za a yi, Malam. Uwarta tana can tana share mata ɗaki don azumi. Ya faɗa mata, ya faɗa mata tun yaushe." Ta ciro wayar Saffana daga bakin zaninta, ta danna masa a hannu. "Ina tsaye. Wannan karon da Hausa za ka yi, ina ji."

Babu wanda ya tare masa. Barmo ya durƙusa a gefen matakala, ya kara wayar a kunne. Fasuma tana tsaye a kansa, hannayen rigarta jiƙe har gwiwa, ruwan wankan yana ɗiga a kan siminti. Can nesa, a Maraɗi, wayar ta fara ƙara.